Walimar Aure a Tsibiri: Wane Wata Ya Kamata Mu Sa Rana?

Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Jidda ce, a Hindawiyya na tashi, iyayena 'yan asalin Kano ne. An kawo kuɗin gaisuwata, yanzu maganar sa rana ake yi. Tun ina yarinya burina shi ne a yi walimar aurena a bakin teku, a tsibiri, ba a ɗakin biki ba. Wanda zan aura ya amince, ya ce mu je tsibirin Farasan da ke kudancin Saudiyya, amma sai dai a watan Yuli, don lokacin ne yake da hutu, yara ma suna hutun makaranta, masauki kuma ya fi araha. Ƙawata ta ce in dage a kan Zanzibar ko Maldibs. Umma ba ta hana ba, sai dai kakata Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga, kuma ta ce ƙafata ƙafarta. Baba bai ce komai ba, illa ɗaurin aure a masallacin unguwa za a yi shi. Kaina ya ɗaure, Anti. Wane lokaci ya fi dacewa?

'Yarki, daga Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Ki karɓi Farasan, ki mayar masa da Yulinsa. Ki nemi a sa rana tsakanin farkon Disamba da ƙarshen Janairu. Wannan ita ce shawarata, ga kuma dalilaina, don ki samu abin faɗa idan an zauna.

Ke 'yar Jidda ce, ba sai na gaya miki yadda ruɗuba, wato danshin iska mai haɗe da zafi, take ba. To ki sani ta Jizan, birnin da daga shi ake tsallakawa Farasan, ta fi ta Jidda nauyi, domin yana kudu da ita da tafiyar kimanin kilomita 700, Farasan kuma tana cikin ruwa, wajen kilomita 50 daga gaɓar Jizan. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana a can yana kaiwa digiri 38 ko fiye, da dare ma da ƙyar yake sauka ƙasa da 30. A busasshen wuri irin Madina zufa tana bushewa, jiki ya ɗan samu sauƙi. A Farasan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta da inda za ta je, sai ta zauna a jikin mutum. Ki hango kanki da ƙarfe huɗu na yamma a tsakiyar Yuli: mai kwalliya ta gama aikinta a cikin ɗaki mai sanyi, kin fito, kafin ki taka daga mota zuwa rumfa hoda ta fara bin gefen hancinki, leshi ya manne a bayanki, mai hoto yana ta goge gilashin kyamararsa saboda raɓar da ta rufe shi. Kunun ayan da Umma ta sa aka dama da safe ya fara tsami tun kafin a zuba wa baƙi. Wanda duk ya zo, idonsa yana kan motar da ke da na'urar sanyi. Haka kowace ranar Yuli take a can, ba sai an yi rashin sa'a ba.

Sannan ga ƙura. Mutanen Jizan suna da lokacin da suke kira gubra, yakan fara cikin Yuni ya kai Agusta. Iska ce ke tasowa, galibi daga azahar, ta ɗebo ƙura ta rufe sararin sama. Ruwan nan shuɗi garau da kika gani a hotuna, wanda shi ne ma ya sa miki wannan buri, a ranar gubra ba za ki gan shi haka ba, sama da teku duk sun zama launin toka. A ce an kwashi mutane tafiyar yini guda a mota, an tsallaka da su ruwa, sannan a rasa abin da aka je dominsa, wannan asara ce.

Maganar Hajiya kuwa ita ce ta fi tsaya min a rai. Dattijuwa mai hawan jini, musamman idan cikin magungunanta akwai mai sa yawan fitsari, zafi irin wannan yana saurin ƙarar mata da ruwan jiki, jiri ya ɗebe ta. Mai ciwon suga kuma rashin ruwa yana hargitsa masa sugansa, allurar insulin ma zafi yana lalata ta. Tsofaffinmu ba sa cewa sun gaji a gidan biki, sai dai ki ga ta yi shiru ta jingina. Akwai asibitin gwamnati a Farasan, amma idan abu ya yi tsanani sai an tsallaka da mutum Jizan. Tun da ta ce ƙafarki ƙafarta, jikinta ne zai zaɓa muku wata, kuma jikinta ba zai ɗauki Yuli ba.

A Disamba da Janairu garin wani ne daban. Rana takan tsaya wajen digiri 30, dare ya sauko kusan 22. Ba sanyin hunturun Kano ba ne, ba mai neman bargo a waje, amma mutum yana iya zama a kan yashi daga la'asar har isha ba tare da ya jigata ba. Ruwan sama a yankin kaɗan ne duk shekara, ko ya zo ba ya daɗewa. Nuwamba ma ba laifi, sai dai farkonta da sauran zafi a jikinta. Fabrairu da farkon Maris suna da daɗi, amma akwai abin da ya tare su, zan zo kansa.

Hunturun ma da nasa halin, kada ki ce ban faɗa miki ba: iska. A kudancin Bahar Maliya, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu iska daga kudu take kaɗawa, wani lokaci da ƙarfin gaske, ta tayar da igiyar ruwa. Abu biyu wannan yake shafa. Na farko abbara, babban jirgin da ke fito tsakanin Jizan da Farasan. Kyauta ake shiga, yana ɗaukar mutane da motoci, tafiyar kamar awa guda da ɗoriya ce, yakan tashi da safe da kuma yamma. Amma sai an kama wuri tun da wuri, musamman wurin mota, kuma idan teku ya yi fushi ana dakatar da shi. Don haka kada a kuskura a ce za a tsallaka ranar walimar. A tsallaka ana gobe, in da hali ma a ƙara kwana guda, kuma kada kowa ya sayi tikitin jirgin sama na komawa Jidda a daren da aka gama. Ƙananan jiragen haya masu gudu suna nan, amma ba na saka Hajiya ba ne a ranar iska.

Na biyu, shirin wurin da shigarku. Tsibirin yana da gaɓa ta kowane ɓangare, don haka idan iska tana bugun wani gefe, akwai gefen da yake a kare. Ba wanda ya san wannan kamar masuntan garin. Duk wanda za ku tura ya duba wuri, ya zauna da su ya tambaye su wane bakin ruwa ne iskar kudu ba ta damunsa a wannan wata. A kafa rumfa da igiya da turaku masu zurfi. Maimakon kujerun roba, waɗanda ƙafafunsu ke nutsewa cikin yashi su karkata da mutum, a shimfiɗa darduma da matasai a yi zaman ƙasa, a samo wa Hajiya da sauran dattawa kujeru masu hannu a ɗora su a kan katako. Ke kuma ki bar siririyar laffaya da mayafi mara nauyi don cikin gida. Iska tana buɗe su, ki ƙare kina fama da riƙo maimakon gaisawa da mutane. Shadda ko yadi mai ɗan nauyi, da ɗaurin kai da aka kafe da fil, sun fi kwanciyar hankali. Takalmi mai tsini ba shi da aiki a nan. Yara kuma kada a bar su su shiga ruwa ba takalmi, domin tsibirin na murjani ne, duwatsunsa suna yanka. A nisanci inda itatuwan bakin ruwa suka yi duhu, sauro yana fitowa daga nan da magariba.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan lokaci. Mafi kyawun haske yana tsakanin la'asar da magariba, ba ya kai awa biyu cikakku. Idan aka yi irin lattin da muka saba a gidan biki, amarya ba ta fito ba sai bayan isha, to a duhu za a yi komai, tekun ma sai dai a ji ƙararsa. A yi sallar la'asar, ki fito, a yi hotuna, a yi magariba a jam'i a nan kan yashi, sannan a zuba abinci.

Yanzu ga kalandarmu, wadda ƙawarki da masu tallan yawon buɗe ido ba za su lissafa miki ba. Azumi yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a waɗannan shekarun cikin hunturu yake faɗowa. A 2027 ana sa ran a ɗauki azumi wajen 8 ga Fabrairu, a 2028 kuma a ƙarshen Janairu. Ke nan Fabrairu ta fita daga lissafi. Abin da ya rage mai kyau shi ne Rajab da Sha'aban, waɗanda a 1448 suka kama daga wajen 10 ga Disamba 2026 zuwa farkon Fabrairu 2027. Dama can lokacin biki ne a wurinmu, ana so amarya ta tare kafin azumi. Ni dai Rajab na fi so miki, domin ƙarshen Sha'aban kowa hankalinsa ya koma kan cefanen azumi, 'yan uwanku na Makka da ke sana'a da masu Umara kuma lokacin ne kasuwarsu take buɗewa, ba za su bar ta su bi ki tsibiri ba.

Idan Disamba ta yi muku kusa, shiri bai kammala ba, akwai Shawwal, wanda a 2027 zai fara wajen 10 ga Maris. Wata ne mai albarka ga aure, Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikinsa aka ɗaura aurenta kuma a cikinsa ta tare. Amma a yi shi a makonni biyun farko, don zafi yana hawa da sauri daga ƙarshen Maris. Ki kuma kula da bikin kifin harid, wanda ake yi a Farasan kowace shekara wajen Afrilu, lokacin da wannan kifi mai baki kamar na aku yake taruwa a gaɓa mutane su shiga kamu. Abin kallo ne, amma a makon nan masauki da abbara duk cika suke yi. Daga Zulƙida kuwa a manta, zafi ya dawo, shirin Hajji ya kankama, ana tsaurara biza da zirga-zirga, baƙinku na Najeriya da suka shigo da bizar Umara ma lokacin fitarsu ya yi.

Zanzibar da Maldibs wurare ne masu kyau, ba na musu. Idan kina son sanin lokutansu: a Zanzibar babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, akwai ƙarama a Nuwamba zuwa Disamba, sannan daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da sanyi-sanyi. Wato Yulin da bai yi ba a Farasan, a can yana cikin watanni mafi daɗi. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiyani, ruwa yakan janye ya yi nisa sau biyu a yini, sai an duba jadawalinsa kafin a tsayar da awa, amma a arewa, Nungwi da Kendwa, bai cika yin haka ba. Maldibs kuma ranin ta daga Disamba zuwa Afrilu ne, daga Mayu zuwa Nuwamba iskar damina ce da ruwa, kuma bikin da otal-otal ɗinsu ke shirya wa baƙi na kwalliya ne kawai, ba ɗaurin aure ba ne a hukumance. Sai dai ki ƙirga: kowane mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a danginku yana buƙatar bizar fita da dawowa, mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take cikinta, tun kafin ya tashi kuma tana ɗaukar lokaci, Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44 tun Oktoba 2024, ga kuɗin jirgi, ga otal. Mutum nawa ne za su iya? Biki ne da za a yi ku biyu da ƙawarki. Shi ya sa nake ganin a ajiye Zanzibar a matsayin tafiyarku ke da mijinki bayan kin tare. Tun da a Yuli yake da hutu, ga inda hutun nasa zai yi amfani.

Da wannan ma za ki shiga masa. Kada ki fara da cewa ba ki yarda ba. Ki nuna masa cewa Farasan ɗinsa kika zaɓa a kan na ƙawarki, kina roƙon a canza wata ne kawai saboda Hajiya. Walimar ba ta buƙatar dogon hutu: a tashi Laraba ko Alhamis, a yi taro Juma'a bayan la'asar, a dawo Asabar ko Lahadi. Kwana biyu ko uku kawai zai nema a wurin aiki. Yara kuma makarantun Saudiyya suna da hutun tsakiyar shekara a cikin hunturu, na Najeriya suna hutu a ƙarshen Disamba, a duba kalandar bana a daidaita. Gaskiya ne masauki ya fi tsada a lokacin, domin mutanen Riyad da sauran garuruwa masu sanyi suna gangarowa Jizan, otal a Farasan kuma ba su da yawa. Arahar Yuli dalilinta guda ne, ba mai zuwa. Idan kuɗi ne damuwarsa, a rage yawan masu tafiya. Mutum 25 ko 30 a Disamba sun fi 80 a Yuli sauƙin ɗawainiya, kuma kowa zai dawo da labari mai daɗi.

Shi kuma Baba, abin da ya faɗa daidai ne, kuma ya sauƙaƙa miki. A ɗaura aure a masallacin unguwa, gaban limamin da ya san ku da dattawan da suka ga tasowarki. A yi kamu da sa lalle da yini a gida, maƙwabta su ci shinkafa da tsire, a kai ki ɗakinki yadda aka saba. Bayan kwana biyu ko mako guda sai a tafi Farasan da na jiki. Shirun da ya yi, ina jin yana jira ne ya ji yadda za a tsare mutunci a wurin. Kada ki bari ya tambaya. Ki sa Umma ta gaya masa tun yanzu cewa za a kewaye ɓangaren mata da labule, maza suna nasu gefe, mace ce za ta ɗauki hoton mata, za a yi salla a kan lokaci, kuma za a nemi izinin baladiyya, wato hukumar garin, kafin a kafa rumfa a bakin ruwa. Idan ya ji an riga an yi wannan tunani, da wuya ya hana.

Akwai maganar da ba a son yi a bainar jama'a, amma dole in yi miki ita. A yawancin danginmu na Jidda da Makka ba a rasa wanda iƙamarsa ta ƙare ko takardunsa ba su daidaita ba. Jizan yankin iyaka ne, hanyarta tana da shingayen bincike, abbara kuma ba a shiga sai da katin shaida. Kada kunya ko son ki ya sa wata gwaggo ko wani kawu ya hau wannan hanya. Ki je da kanki ki same su, ki ce musu bikin gaske shi ne na gida, a nan kike buƙatarsu. Wannan ma wani dalili ne na yin cikakken biki a Jidda tukuna.

Hajiya kuma a kai ta wurin likitanta kafin tafiya, ya duba ta ya ce ta iya. A ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jizan, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, a hutar da ita zaman mota na yini guda. A sa maganinta a jakar hannu, insulin a cikin ƙaramar kula mai sanyi, a ɗora wa jika guda alhakinta, ba shi da wani aiki ranar sai ba ta ruwa da lura da lokacin cin abincinta. Abincin walima a dafa shi a can, kifi sabo ba ya yankewa a tsibirin. Abin da za a ɗauko daga Jidda ya zama wanda ba ya lalacewa, irin su dambun nama, cincin, dubulan da alkaki. Zoɓo a haɗa shi a can da safe.

Idan an kwana biyu, da safe a zagaya da baƙi su ga tsohon ƙauyen Ƙassar da gidan Rifa'i mai zanen dutse da masallacin Najdi. Mai rabo yana iya hango barewar tsibirin da sassafe. Wurin yana cikin yankunan da UNESCO ta sanya a jerin wuraren kare halittu a 2021, don haka a bar bakin ruwan yadda aka same shi, a kwashe leda da robar ruwa kafin a tashi, a kuma bar maganar sakin balan-balan.

Abin da za ki fara yi a wannan makon shi ne ki roƙi yayanki ko wani ƙanin Baba ya je Farasan ya kwana ɗaya, ya ga masauki da idonsa, ya yi magana da masunta, ya tambayi baladiyya abin da ake buƙata. Ya dawo da ranaku biyu a cikin Rajab, ɗaya ta ainihi ɗaya ta ko-ta-kwana, sai a kai wa Baba da iyayen ango su zaɓa. Allah ya sa albarka a auren, ya ba Hajiya lafiyar zuwa da dawowa.